Tauraro Da Abokin Tafiyarsa: Tarihin Wani Dogon Bincike

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a Wagadugu, babban birnin Mosi. Waɗansu suka zauna, suka yi aure, unguwarsu ta zama Zangouettin, wato unguwar Hausawa a bakin mutanen ƙasar. Ta daɗe a tsakiyar birni, har shekara ta 2003, sa'ad da gwamnati ta rushe ta tare da maƙwabtanta saboda shirin gine-ginen da ake kira ZACA. Mutanenta suka watsu, waɗansu Ouaga 2000, waɗansu Nioko. Gidajen kakanni sun tafi, amma jikokin fataken nan suna da abu guda da suke gani daidai yadda kakanninsu suka gan shi, wato sararin sama da dare.

A lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, in an ɗauke wuta, hazo kuma ya yi sauƙi, wanda ya ɗaga kai zai ga Kaza da 'Ya'yanta. A bayanta akwai taurari uku a jere, Mafarauci da Kare da Zomo. Littafin Ayuba da na annabi Amos sun ambaci waɗannan duka cikin ayyukan hannun Ubangiji. A arewa da ukun nan akwai wani jan tauraro mai haske ƙwarai, ana ce da shi Betelgeuse. Da damina kuma, can kudu, akwai wani ja kamarsa a ƙirjin Kunama, sunansa Antares. Ido yana ganin kowannensu shi kaɗai. Amma mutane sun yi shekara fiye da 250 suna bincike kafin su tabbata cewa irin waɗannan manyan taurari da wuya su yi tafiyar ransu ba tare da aboki ba. Tarihin wannan bincike ne za a ba da a nan, har da inda ya biyo ta Wagadugu.

Yadda babban tauraro yake tsufa

Kowane tauraro rana ce, nisa ne ya sa ya zama ɗan ƙarami a ido. Ana auna nisan da tafiyar haske, gama haske yana cin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda, duk da haka hasken Antares yakan yi wajen shekara 550 a hanya. Tauraro yana ƙona wata iska mai suna haidirojin a cikinsa, yana mai da ita wata iskar mai suna hiliyam. Wanda nauyinsa ya kai na rana sau 8 ko fiye, shi ake kira babba. Irinsa kamar magidanci ne mai almubazzaranci, rumbunsa ya fi na kowa girma, amma shi ne yake fara ƙarewa. Bisa ga lissafin masana, rana za ta yi wajen shekara miliyan dubu 10, babban tauraro kuwa 'yan miliyoyi kaɗan ne rabonsa. Sa'ad da abincinsa ya kusa ƙarewa sai ya kumbura, fatarsa ta huce ta yi ja. Betelgeuse da Antares suna cikin wannan hali. Da za a sa ɗayansu a gurbin rana, da ya haɗiye duniyar nan har ya wuce ta da nisa. A ƙarshe irin wannan tauraro yakan fashe, ya watsa abin da ya dafa a cikinsa. Iskar da mutum yake shaƙa domin ya rayu, da wani kashi na ƙarfen da yake cikin jininsa, daga irin wannan fashewa suka fito. Saboda haka sanin yadda manyan taurari suke mutuwa ya shafi sanin ƙurar da aka yi ɗan Adam da ita.

Fasto da kurma

Da aka ƙera madubin hangen nesa, sai aka ga taurari da yawa biyu-biyu suke, kusa da juna. Mutane suka ɗauka ido ne yake ruɗinsu, kamar yadda itatuwa biyu sukan haɗu a ido alhali ɗaya yana gaba da ɗaya da nisa. Wanda ya fara musun wannan wani limamin Ikkilisiyar Ingila ne, John Michell. A shekara ta 1767 ya yi lissafi, ya nuna cewa da a ce an watsa taurari ne kamar yadda ake watsa iri, da ba za a sami biyu-biyu da yawa haka ba. Har ya kafa misali da Kaza da 'Ya'yanta. Ya ce lalle akwai abin da ya ɗaure su da juna.

Na biyu wani saurayi ne a birnin York, John Goodricke, wanda ya kurumce tun yana ƙarami. Ya sa ido kan tauraron da Larabawa suka raɗa wa suna kan aljani, wato Algol, ya ga haskensa yana raguwa bayan kowane kwana 2 da awa 20 da minti 49, ba ya kuskure. A shekara ta 1783 ya ce mai yiwuwa wani abu ne yake kewaya tauraron, yana gilmawa ta gabansa, kamar yadda wata yake tare rana. Ya rasu a 1786 yana da shekara 21. Sai bayan shekara fiye da 100, a 1889, aka tabbatar da maganarsa a Jamus. Kafin wannan, a 1803, William Herschel ya nuna cewa taurari biyun da suke cikin Castor sun gusa, suna kewaya juna, bayan ya yi shekara wajen 25 yana auna su.

Antares kuwa wata ne ya tona asirinsa. Ran 13 ga Afrilu 1819 wata ya gilma ta gabansa, wani masani a birnin Biyana, Johann Bürg, yana kallo. Da watan ya gusa, sai wani ƙaramin tauraro ya fara leƙowa, bayan 'yan daƙiƙoƙi babban ya fito. Mutane ba su gaskata shi ba, sai cikin shekarun 1840 waɗansu suka ga ƙaramin da madubinsu. Ashe tun fil azal yana nan, hasken babban ne ya rufe shi.

Karatun bakan gizo

In hasken tauraro ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, yakan rabu launi-launi kamar bakan gizo, da waɗansu baƙaƙen layuka a ciki. Layukan nan kamar tsagen fuska ne, suna faɗin asalin tauraro, da zafinsa, da irin iskar da take jikinsa. Wani Fada na ƙungiyar Jesuit, Angelo Secchi, ya yi shekarun 1860 yana wannan karatu daga kan rufin cocin Ignatius Mai Tsarki a Roma. Ya duba taurari wajen 4,000, ya kasa su kashi-kashi, ya sa Betelgeuse da Antares cikin kashi guda. A 1867 kuma, a Faris, Charles Wolf da Georges Rayet suka sami taurari uku masu layuka masu haske maimakon baƙaƙe. Ba wanda ya gane su a lokacin. Daga baya aka san manyan taurari ne masu zafi ƙwarai, waɗanda fatarsu ta haidirojin ta ɓace. A 1889, a jami'ar Harvard ta Amurka, Edward Pickering ya ga layukan tauraron Mizar suna rabuwa biyu suna sake haɗuwa, Antonia Maury kuma ta bi diddigin abin. Dalili shi ne taurari biyu ne suke kewaya juna, in ɗaya yana tahowa ɗaya yana komawa. Daga nan aka sami hanyar gane aboki ko da ba a gan shi ba.

A Harvard ɗin nan akwai Henrietta Leavitt, 'yar wani fasto, ita ma kunnenta ya yi nauyi. Aikinta duba hotunan waɗansu farare biyu da suke can kudu kamar gutsattsarin gajimare, waɗanda Turawa suke kira Gizagizan Magellan. A 1912 ta nuna cewa akwai irin taurarin da tsawon lokacin ƙyaftawarsu yake faɗin ainihin haskensu. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya tabbatar, tsakanin 1923 da 1925, cewa Andromeda wani garken taurari ne dabam, can waje da garken da rana take ciki. Yau an san babban Gizagizan Magellan yana da nisan tafiyar haske ta shekara wajen 160,000, ƙaramin wajen 200,000, Andromeda kuwa miliyan 2 da rabi. Daga Wagadugu babban yakan ɗago sama da bakin ƙasa kaɗan ne kawai, wajen digiri 8, a lokacin da hazo ya fi yawa, shi ya sa ba a san shi ba a nan.

Mai karatu zai iya tambaya, don me ake zuwa neman taurari a waɗannan garkuna na maƙwabta, ga na gida? Wanda yake tsakiyar kasuwar Rood Woko ba ya iya ƙidaya rumfunanta, gama na kusa sun tare masa na nesa. A cikin garken gida ƙura tana tare ido, sanin nisan kowane tauraro kuma yana da wuya. Amma a garken maƙwabta ana ganin kowa a fili, dukansu kuma kusan nisansu ɗaya, saboda haka wanda ya fi haske a ido shi ne ya fi haske da gaske.

Wanda ya tsufa ya ba ɗan'uwansa

Algol ya sake kawo wata matsala. An san mai nauyi shi yake fara tsufa, amma a Algol marar nauyin ne tsoho. A 1955 John Crawford ya warware ta. Ya ce tsohon nan shi ne mai nauyi a da, da ya kumbura sai fatarsa ta kai inda ɗan'uwansa yake iya janta, ta yi ta kwarara zuwa gare shi, har na ƙasa ya koma sama. A 1967 wani masani ɗan ƙasar Folan, Bohdan Paczynski, ya ce ta haka ne waɗansu taurarin Wolf da Rayet suka rasa fatarsu, abokin ne ya tuɓe su. Wannan duka a takarda yake. Ana bukatar shaida.

Shaida ta zo ran 23 ga Fabrairu 1987, shekarar ƙarshe ta mulkin Thomas Sankara. Wani tauraro ya fashe a cikin babban Gizagizan Magellan, Ian Shelton da Oscar Duhalde suka gan shi daga wani dutse a ƙasar Cile. Tun 1604 ba a ga irin wannan fashewa da ido tsirara ba. Da aka koma tsofaffin hotuna, sai aka tarar wanda ya fashe shuɗi ne, alhali littattafai sun ce jan ƙato ne yake fashewa. Daga baya aka ga zobba uku na iska kewaye da wurin. Bayanin da masana da yawa suka karɓa shi ne, taurari biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya, wajen shekara 20,000 kafin fashewar.

Ran 28 ga Maris 1993 kuma, wani mai sha'awar taurari a garin Lugo na ƙasar Sifen, Francisco García, ya ga wata fashewa a garken da ake kira M81, mai nisan tafiyar haske ta shekara wajen miliyan 12. Da fari haskenta ya nuna haidirojin, bayan 'yan makonni sai ya fara raguwa, hiliyam ta bayyana. Wannan ya nuna fatar tauraron 'yar kaɗan ce ta rage masa. Masana suka ce lalle akwai wanda ya kwashe ta, in wuta ta lafa za a gan shi. Suka jira shekara 10. A 2004 Justyn Maund da abokan aikinsa suka ba da labarin cewa sun sami alamar wani shuɗin tauraro mai zafi a daidai wurin, da taimakon madubin Hubble da yake kewaya duniya da madubin Keck na tsibirin Hawai. Abokin ya tsira, yana ɗauke da dukiyar mamacin.

Lokacin ƙidaya

Misali ɗaya ko biyu ba su isa a yanke hukunci ba, sai da ƙidaya. A 2012 Hugues Sana da ƙungiyarsa suka bi taurari 71 daga cikin mafi nauyi da zafi, tun suna da ƙuruciya. Suka tarar fiye da 70 cikin 100 za su yi musayar jiki da abokinsu kafin su mutu, kashi ɗaya cikin uku na waɗannan kuma za su haɗe. Wannan ya juya koyarwar da aka daɗe ana yi, gama littattafai sun saba ba da labarin tauraro kamar shi kaɗai yake.

Sauran tambaya ita ce, nawa ne suke da aboki har cikin tsufa? Neman aboki kusa da jan ƙato kamar neman hasken ashana ne kusa da wutar daji. Amma jan ƙato ba shi da shuɗin haske sai kaɗan, abokin kuwa yawanci shuɗi ne mai zafi. Saboda haka Kathryn Neugent da Philip Massey da abokan aikinsu suka riƙa neman jajayen da shuɗinsu ya yi yawa. A 2020 suka ba da lissafi cewa a babban Gizagizan Magellan wajen ɗaya cikin biyar ne yake da aboki. A 2021 aka yi irin wannan ƙidaya a Andromeda da garken M33. Adadin ya kasa na ƙuruciya ƙwarai, dalilin kuwa a fili yake. Waɗanda suke kusa da juna sun riga sun haɗe, ko kuwa an tuɓe babban tun bai kai ga yin ja ba. Waɗanda suka bar fili tsakaninsu su ne suka kai tsufa tare.

To, ina tuɓaɓɓun suke? An yi shekaru ana nemansu. A Disamba 2023 Maria Drout da Ylva Götberg suka ba da amsa. Sun nemi irin hasken da ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani, a Gizagizan Magellan, suka auna taurari 25, suka tabbata da yawa daga cikinsu cibiyoyin hiliyam ne tsirara, masu zafin digiri 60,000 ko fiye, wato ninki 10 na fatar rana. A 2022 kuma Tomer Shenar ya sami wani babban tauraro a can yana kewaya abin da ba ya ba da haske ko kaɗan cikin kwana 10 da 'yan awoyi. Baƙin rami ne, gawar abokinsa. Abin mamaki, fasto Michell ya riga ya yi tunanin irin wannan tun 1783, ya ce in akwai tauraron da haske ba ya iya kuɓuce masa, ta wurin motsin abokinsa za a gane shi.

Betelgeuse kansa ya zo daga baya. Haskensa yana hawa yana sauka cikin wajen shekara 6, masana suka yi zaton aboki ne sanadi. A Yuli 2025 Steve Howell ya sanar cewa madubin Gemini na Hawai ya ɗauki alamar wani ɗan ƙaramin tauraro dab da shi. Sunan Betelgeuse daga Larabci yake, ma'anarsa hannun Jauza, saboda haka aka raɗa wa ƙaramin suna Siwarha, wato awarwaronta.

Rabon Burkina Faso

A 1986 Paczynski ɗin nan ya ba da shawara a riƙa ɗaukar hoton miliyoyin taurarin Gizagizan Magellan dare bayan dare. Faransawa suka karɓi shawarar cikin wani shiri mai suna EROS. Suka kai wani madubi mai faɗin mita 1, mai suna MARLY, dutsen La Silla a Cile, ya yi aiki daga 1996 zuwa 2003, yana tsaron taurari wajen miliyan 33. Abin da suke nema dabam ne, amma cikin abin da ya rubuta akwai taurari da yawa masu gilmawa ta gaban juna, irin na Goodricke.

A 2007 Jami'ar Wagadugu ta fara koyar da ilimin taurari tare da taimakon Claude Carignan na Jami'ar Montréal a Kanada, aka gina ɗan ɗakin kallo da madubi mai faɗin santimita 25. A 2009 aka je Cile aka kwance MARLY, aka sa shi cikin akwatuna, aka kawo shi Burkina Faso, da niyyar kafa shi a dutsen Djaogari, arewa maso gabas, wajen Dori. A Disamba 2010 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taronta mai lamba 277 a Wagadugu, a kan asalin garkunan taurari. Amma aikin dutsen bai tafi da saurin da aka yi fata ba, daga 2015 kuwa tashin hankali ya mamaye wannan yanki.

Duk da haka irin da aka shuka ya tsiro. Zacharie Kam ya auna yadda garken M33 yake juyawa, aka buga aikinsa a 2015 da 2017. Marie Korsaga ta yi karatun dakta a Cape Town da Marseille, ana kuma ambatonta a matsayin mace ta farko a Afirka ta Yamma da ta kai wannan matsayi a ilimin. Jami'ar kanta tun 2015 tana amsa sunan Joseph Ki-Zerbo, babban masanin tarihi, ɗan Alfred Diban, katikis wanda ake ɗauka shi ne Kirista na farko a ƙasar.

Abin lura ga iyaye

Akwai iyaye a cikin ikkilisiya waɗanda in sun ji yaro yana zancen taurari sai gabansu ya faɗi, gama sun san masu duba da masu buga ƙasa su ma da taurari suke fakewa. Tsoron yana da dalili, Littafi Mai Tsarki ya hana sujada ga rundunar sama da neman sa'a a wurinta. Amma sai a rarrabe. Mai duba yana cewa tauraro ya san ranar auren mutum, ba ya kuwa yarda a gwada maganarsa. Mai bincike yana tambaya ne yadda aka yi tauraron, in ya faɗi magana yakan jira shekara 10 ko 100 a gwada ta, in ta faɗi ya bar ta. Fasto da Fada da 'yar fasto da suke cikin tarihin nan ba su ga saɓani tsakanin wannan aiki da bangaskiyarsu ba. Biyu daga cikin waɗanda suka buɗe hanya kurame ne, saboda haka kada a raina yaron da yake da naƙasa, ko yarinyar da take son lissafi.

Har wa yau, tarihin ya nuna cewa an daɗe ana ba da labarin babban tauraro ba daidai ba, domin an manta da ƙaramin da yake gefensa. A gida da ikkilisiya ma haka yakan faru. Ana ganin mai wa'azi, ba a ganin matar da ta ɗebo ruwa ta share coci tun da asuba. Idan sanyi ya zagayo, mai karatu ya fito da 'ya'yansa tsakar gida, ya nuna musu Mafarauci da Kare da Zomo, da jan tauraron da yake arewa da su, ya gaya musu cewa akwai wani a gefensa wanda ido ba ya gani. Sa'an nan su yi addu'a domin salamar yankin Dori, da dukan waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu.